Yadda Ake Tsara Tawagar Fantasi ta Rana Ɗaya a Wasannin Share Fagen NFL

A kowace shekara, kafin a buɗe kakar gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da ake kira NFL a watan Satumba, ƙungiyoyi 32 na gasar suna shafe watan Agusta suna buga wasannin share fage, waɗanda sakamakonsu ba ya shiga teburi kuma babu kofin da ake ɗagawa a kansu. Tun daga shekarar 2021, lokacin da aka ƙara wasannin kaka zuwa 17, wasa uku kowace ƙungiya take bugawa maimakon huɗu, in ban da ƙungiyoyi biyun da ake zaɓa su buɗe fage a garin Canton na jihar Ohio, waɗanda su ne ke yin huɗu. Kamfanonin DraftKings da FanDuel suna shirya gasannin fantasi na rana ɗaya a kan waɗannan wasanni, kuma a ganina babu lokacin da ya fi wannan tona asirin mutumin da ke zaɓar 'yan wasa saboda sunansu, domin abin da ke kawo maki a Agusta shi ne tsawon lokacin da ɗan wasa zai yi a cikin fili, kuma manyan sunaye su ne suka fi kowa ƙarancin wannan lokaci.

Wanda ya saba da fantasin gasar Firimiya ta Ingila ya riga ya san tushen abin: ana ba ka kuɗin ƙirƙira, ka sayi 'yan wasa na gaske da su, sannan abin da suka yi a fili ya zama makinka. Bambancin shi ne a nan tawagar ta rana ɗaya ce ko ta ƙarshen mako ɗaya, da an tashi daga wasannin sai a ƙirga maki a rufe littafi. A tsarin DraftKings ana ba mutum dala 50,000 na ƙirƙira ya cike gurabe tara: kwatabak ɗaya, wato mai jefa ƙwallo wanda shi ne jagoran hari, da masu gudu da ƙwallo biyu, da masu cafewa uku, da tait-en ɗaya wanda yakan tare kuma yakan cafe, da gurbi ɗaya na zaɓin rai, sai kuma rukunin tsaron wata ƙungiya baki ɗaya. Kowace cafka maki ɗaya ce, kowane yadi goma da aka ci da gudu ko da cafka maki ɗaya ne, kai ƙwallo ƙarshen filin abokan hamayya, wato tocdawun, maki shida ne, alhali kwatabak sai ya jefa yadi 25 yake samun maki ɗaya, kuma tocdawun ɗin da ya jefa maki huɗu ne kawai. FanDuel kuwa dala 60,000 take bayarwa, kuma rabin maki take ba wa cafka.

Tun da maganar kuɗi ta shigo, ya wajaba a faɗi gaskiyarta kafin a shiga dabara. Akasarin waɗannan gasanni da kuɗi na gaske ake shiga, kamfanin ya cire nasa kason, sauran a raba wa waɗanda suka fi maki. Dokar Amurka ta 2006 da ta taƙaita caca ta intanet ta keɓe wasannin fantasi, kuma a wannan kafa FanDuel ta shigo a 2009, DraftKings ta biyo baya a 2012 daga birnin Boston. Amma a watan Nuwamba na 2015 babban lauyan jihar New York, Eric Schneiderman, ya ce abin caca ne ya umarce su su daina, sai da majalisar jihar ta yi sabuwar doka a 2016 aka daidaita. Wani bincike da aka wallafa a 2015 kan gasannin ƙwallon besbol ya nuna cewa kashi 1.3 cikin 100 na masu shiga su ne suka kwashe kashi 91 cikin 100 na ribar. Musulmin da ya san hukuncin zuba kuɗi don a ci na wasu ba ya bukatar a tuna masa, kuma kamfanonin ma ba sa karɓar kuɗi sai daga wuraren da doka ta ba su izini. Akwai gasanni na kyauta, akwai kuma waɗanda abokai ke shiryawa a tsakaninsu don gwada sani, kuma duk abin da zan bayyana yana aiki a cikinsu ba tare da an sa ko sisi ba.

A lokacin kaka, wahalar wasan tana cikin farashi, domin gwanaye suna da tsada kuma kuɗin ba ya isa a saye su duka. A share fage DraftKings takan sa wa kowa farashi ɗaya, dala 5,500 a 'yan shekarun nan, ta yadda 'yan wasa tara suke kamawa 49,500, saboda haka kowa yana iya ɗaukar duk wanda ransa yake so. Sabon shiga yakan ga wannan a matsayin garabasa, sai ya jera Patrick Mahomes da sauran taurari, bai san cewa wasunsu ba za su ko sa kwalkwali ba, hular rana za su sa su tsaya a gefen fili suna hira. Ƙungiya takan yi hari kusan sau sittin a wasa ɗaya. Idan tauraro ya shiga zubi ɗaya na hari, wato jerin hare-haren da ƙungiya ke yi kafin ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, ya taɓa shida ko takwas daga cikin sittin ɗin ya fita, yaron da ba a san sunansa ba wanda aka bar masa dukan rabin wasa na biyu zai iya samun talatin, kuma komai gwanintar na farko ba zai cike wannan tazara ba sai da sa'a.

Dalilin ajiye taurari ba ɓoyayye ba ne. A share fagen 2015 Jordy Nelson na Green Bay Packers ya tsinke jijiyar gwiwa a karawa da Pittsburgh Steelers, bai buga ko wasa ɗaya ba a kakar. Haka ya faru da Julian Edelman na New England Patriots a 2017, da J.K. Dobbins na Baltimore Ravens a 2021. Koci ba ya son ya rasa ƙashin bayan ƙungiyarsa a wasan da ba a ƙirgawa, ga shi kuma yanzu ƙungiyoyi suna yin atisaye na haɗin gwiwa a tsakiyar mako, inda taurari suke gwabzawa da takwarorinsu na wata ƙungiya a ƙarƙashin usur ɗin kocinsu, wanda zai iya tsayar da komai kafin a kai kwatabak ƙasa. Duk makon da aka yi irin wannan atisaye, akwai kyakkyawan zaton cewa manya ba za su fito ranar wasa ba.

Amma kociyoyin ba halinsu ɗaya ba, kuma sanin halin kowanne rabin aiki ne. Sean McVay na Los Angeles Rams tun daga 2018 ya ɗauki al'adar hana manyansa taka fili a Agusta, har ma da wasu daga cikin na biyu, wanda hakan yake sa na uku da na huɗu su daɗe suna wasa. Ga mai fantasi, irin wannan ƙungiya taska ce, domin mutane kaɗan ne suke raba aikin. Andy Reid na Kansas City Chiefs ya saba sa manyansa su yi zubi ɗaya ko biyu, ya bi da na biyu, ya bi da na uku, aikin ya kasu gida-gida kowa ya samu ɗan kaɗan. John Harbaugh ya jagoranci Ravens suka ci wasannin share fage 24 a jere daga 2016 har zuwa Agustan 2023, lokacin da Washington Commanders suka doke su da 29 da 28, kuma a tsawon wannan lokaci rukunin tsaronsu ya kasance abin dogaro saboda ƙungiyar tana ɗaukar wasan da muhimmanci har zangon ƙarshe cikin zango huɗu da ake raba wasa. Sabon koci da ya karɓi ƙungiya yakan so ya ga mutanensa a fili, haka ma ƙungiyar da ba ta tsayar da kwatabak ba, kamar yadda aka gani a Seattle a 2012, inda Pete Carroll ya bar gasar a buɗe har Russell Wilson, wanda aka ɗauka a zagaye na uku na zaɓen sabbin 'yan wasa, ya ƙwace gurbin daga hannun Matt Flynn da aka ɗauko da kuɗi masu yawa.

Aikin da ya fi kowanne amfani, kuma wanda mutane suka fi ƙyuyar yi, shi ne ƙirga mutane. A wannan lokaci kowace ƙungiya tana riƙe da 'yan wasa 90, waɗanda za a rage su zuwa 53 bayan wasan ƙarshe. Mai tsara tawaga zai ɗauki jerin 'yan wasan ƙungiya guda, ya duba masu gudu da ƙwallo, a ce su shida ne. Sai ya cire na farko da na biyu domin koci ya ce za su huta, ya cire na uku domin kwana huɗu ba a gan shi a atisaye ba saboda ciwon cinya, ya lura cewa na shida shekaranjiya aka ɗauke shi kuma bai gama haddace tsarin wasan ƙungiyar ba. Saura biyu, kuma su ne za su raba gudu ashirin da wani abu da ƙungiyar za ta yi a daren. A ɗaya ƙungiyar kuwa masu gudu bakwai ne, dukansu lafiya lau, koci kuma yana son ya ga kowa. Ko da na ƙungiya ta biyu sun fi gwaninta, na farkon ake ɗauka, kuma irin wannan ƙidaya ake maimaitawa a kowane gurbi. Gurbin masu cafewa shi ne ya fi wuya, domin ƙungiya takan zo da goma sha ɗaya ko sha biyu, saboda haka ko an cire manya uku da sauran jama'a. A nan ana neman ƙungiyar da rauni ya rage mata mutane sosai, sannan a cikinta a nemi wanda 'yan jarida suka riƙa ambato a rahotannin atisaye, musamman idan tare yake atisaye da kwatabak ɗin da zai fi daɗewa a fili.

Abin da ya ƙara wa wannan aiki wuya shi ne, a lokacin kaka dokar gasar ta tilasta wa ƙungiyoyi fitar da rahoton masu rauni a cikin mako da jerin waɗanda ba za su buga ba minti 90 kafin wasa, amma a share fage babu wannan tilas. Jerin matsayi da ƙungiya ke wallafawa a shafinta ma ba abin dogaro ba ne, domin sau da yawa ana sa sabbin yara a ƙasa ne don girmama tsofaffi. Saboda haka labari yana hannun 'yan jaridar da kowannensu ke bibiyar ƙungiya guda kullum: su ne ke tambayar koci a taron manema labarai na kwana biyu kafin wasa ko wane ne zai fara kuma zango nawa zai yi, su ne kuma ke tsaye a filin sa'a ɗaya kafin a take ƙwallo suna rubutawa a shafin X cewa wane ya fito da sulke da kwalkwali, wane kuma gajeren wando da riga kawai ya sa. Dole a saurari maganar koci da kunnen basira, domin idan ya ce kowa mai lafiya zai buga, sau da yawa ma'anarsa ita ce aikin zai rarrabu, amma idan ya ce wane zai yi rabin farko wane ya ƙarasa, ya riga ya ba ka amsa. Ga mai bibiya daga Najeriya ko Nijar, wasan da aka fara da ƙarfe 7 na yamma a gabashin Amurka ƙarfe 12 na dare ne, wato labarin da ya fi muhimmanci yana fitowa ne wajen 11, kuma DraftKings tana barin a sauya ɗan wasa muddin wasan ƙungiyarsa bai fara ba. Don haka hikima ce a sa wanda wasansa ya fi jinkiri a gurbin zaɓin rai, domin idan labari ya canja a iya maye shi da mai gudu ko mai cafewa ko tait-en, duk wanda ya samu.

A gurbin kwatabak abu biyu ake nema. Na farko ƙungiyar da mutum biyu kawai za su raba wasan, domin inda huɗu za su yi zango ɗai-ɗai babu abin kamawa. Na biyu ƙafa. A ɗauki wanda ya jefa yadi 120 da tocdawun ɗaya: makinsa 8.8 ne. A ɗauki wani da ya jefa yadi 80 kawai, amma ya ruga yadi 45 ya kuma shiga da ƙwallon da kansa: makinsa 13.7 ne. A Agusta masu tare wa kwatabak 'yan benci ne da ba su saba da juna ba, katangar takan ɓalle da wuri, kuma yaron da ke neman gurbi ba ya jefar da ƙwallo waje don tsira, gudu yake yi. Dak Prescott, wanda Dallas Cowboys suka ɗauka a zagaye na huɗu a 2016, ya haɗa duka biyun: Kellen Moore, kwatabak na biyu a ƙungiyar, ya karye a ƙafa lokacin atisaye, wanda hakan ya buɗe wa Prescott lokaci mai yawa, ya jefa tocdawun biyar ya ruga da biyu ba tare da an ƙwace masa ko jifa ɗaya ba, kuma da kwatabak na farko, Tony Romo, ya ji rauni a baya a Seattle sai gurbin farko ya zama nasa. Wanda ya ƙirga mutane a farkon watan ya ga damar tun kafin kowa ya san gwanintarsa.

Akwai wata dabara da ake ji da ita a lokacin kaka, wato haɗa kwatabak da masu cafewarsa biyu ko uku a tawaga ɗaya, domin jifa ɗaya ta ba da maki a gurbi biyu. A share fage ƙarfinta yana raguwa, kuma ina ganin mutane suna yin ta ne bisa sabo kawai. Idan kwatabak ɗinka a rabi na biyu zai shiga, mai cafewar da ka haɗa shi da shi kuma an cire shi tun kafin hutu, sunan ƙungiya kawai suka haɗa. Haɗin yana da ma'ana ne idan akwai shaidar cewa a rukuni ɗaya suke, kuma ko da hakan mutum ɗaya ya isa.

Rukunin tsaro shi ne gurbi guda da ke wasa daga farko har ƙarshe, domin makin na ƙungiya ne ko wa ke cikin fili, kuma shi ya sa darajarsa take tashi a Agusta. Kayar da kwatabak kafin ya saki ƙwallo maki ɗaya ne, ƙwace ƙwallo maki biyu, kuma idan abokan hamayya suka tsaya tsakanin maki 7 zuwa 13 ana ƙara huɗu. Tsaron da ya kayar sau huɗu, ya ƙwace sau biyu, aka ci shi 13, ya tashi da maki 12, wanda ya fi abin da akasarin masu cafewa za su kawo a daren. Wajen zaɓa, raunin abokin karawa ake dubawa fiye da sunan masu tsaron: wane ne kwatabak ɗinsu na uku, kuma su wa ke tare masa. Makin mayar da bugun ƙafa, wato a cafe ƙwallon da abokan hamayya suka bugo a ruga da ita har ƙarshen fili, shi ma yana shiga nan. A Agustan 2022 KaVontae Turpin, wanda Cowboys suka ɗauko bayan ya zama gwarzon USFL, wata gasar bazara, ya mayar da bugu biyu har ƙarshen fili a wasa ɗaya da Los Angeles Chargers, ɗaya yadi 98 ɗaya 86, kuma irin wannan yana ba da maki ga ɗan wasan da kuma rukunin tsaron a lokaci guda. 'Yan wasan da suka fito daga gasannin bazara, kamar UFL da aka kafa a 2024, suna zuwa da jiki a murje, kuma sukan fi yaran jami'a natsuwa a zango na huɗu.

Idan wasa ɗaya ne a daren, kamar na Canton, tsarin yakan koma na mutum shida, ɗaya daga ciki kyaftin ne da ake ninka makinsa sau ɗaya da rabi, kuma ana shigar da masu bugun ƙafa. A nan masu tsaro da masu bugu su ne ginshiƙi, har ana sa tsaro a matsayin kyaftin, amma sai an tabbatar ƙungiyar ba ta da masu bugu biyu da ke takarar gurbi ɗaya suna karɓa-karɓa.

Saura tambayar da ke raba masu tsara tawaga: idan labari ya fito fili cewa wane zai buga dukan wasa, kowa zai ɗauke shi, to ina amfanin? A gasar da rabin masu shiga ke yin nasara, amsar mai sauƙi ce, a bi lokaci a bar wayo. A babbar gasa mai dubban mutane, inda sai wanda ya kai sama sosai yake cin moriya, ra'ayina shi ne a bi jama'a a gurbin kwatabak da na masu gudu, domin a can lokaci yana juyewa ya zama maki kusan kai tsaye, sannan a bambanta a gurbin masu cafewa, inda jifa ɗaya mai nisa take sauya komai. Mai cafewar da ya kama huɗu, ya ci yadi 48 da tocdawun ɗaya, yana da maki 14.8, kuma a Agusta wannan babban dare ne. Lokaci-lokaci kuma sai a samu irin daren da Victor Cruz ya yi a Agustan 2010, yaron da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi daga jami'ar Massachusetts, wanda ya kama shida ya ci yadi 145 da tocdawun uku wa New York Giants a kan Jets. Da ma'aunin DraftKings na yau, tare da ƙarin maki uku na wuce yadi 100, wannan maki 41.5 ne. Babu lissafin da zai hango irin wannan dare, amma ƙidayar mutane za ta iya nuna cewa yaron zai daɗe a fili.

Makonni ukun ba ɗaya suke ba. A da, lokacin da ake buga huɗu, wasa na uku shi ne manya ke daɗewa a ciki, amma yanzu kowane koci da nasa tsari, wasu a makon farko suke gwada manyan, wasu a na biyu. Mako na ƙarshe shi ne ya fi sauƙin karantawa, domin duk wanda gurbinsa ya tabbata ana ajiye shi, har da na biyu masu muhimmanci, kuma tun daga 2023 ba a rage kowa sai sau ɗaya a ƙarshe, saboda haka filin na waɗanda ke bakin kora ne, kuma ana barinsu su yi zango uku ko ma huɗu. Cikin 'yan kwanakin da ke biye ake sallamar mutum 37 daga kowace ƙungiya, kusan 1,184 a faɗin gasar, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fi kawo maki a watan suna cikinsu. Raheem Mostert ya fi kowa tara yadi na gudu da cafka a share fagen 2015, amma Philadelphia Eagles suka sallame shi. Detroit Lions na 2008 da Cleveland Browns na 2017 sun ci dukan wasanninsu huɗu na share fage, sannan kowaccensu ta sha kashi a wasanni 16 na kaka ba tare da nasara ko ɗaya ba. Abin da ya cancanci a ɗauka daga Agusta zuwa makon farko na kaka shi ne labarin matsayi, wato wane yaro ne aka ajiye tare da manya a wasan ƙarshe, domin wannan alama ce cewa ƙungiyar ta tanadar masa aiki, kuma kamfanonin sukan fitar da farashin makon farko tun kafin a gama share fage, lokacin da yake da araha.